Yadda ake tafiyar yini guda a keke, daga Kano zuwa Daura

Duk wanda na faɗa wa cewa ina tashi daga Kano bayan asuba a kan keke in yi sallar magariba a Daura, tambayarsa ta farko ita ce wai kuɗin mota ne babu? Akwai malam, sha'awa ce kawai, kuma iyayenmu da suke zuwa cin kasuwar ƙauyuka a kan Raleigh da buhu a kariya ba wanda ya taɓa ce musu mahaukata. Tafiyar kusan kilomita 130 ce, ka tashi a jihar Kano ka ratsa Jigawa ka sauka a jihar Katsina duk a yini ɗaya. Kuma bari in faɗa maka tun yanzu, ba ƙarfin ƙafa ne yake kai mutum Daura ba, lissafi ne. Na ga samari majiya ƙarfi sun fita da gudu kamar ana binsu, kafin Kazaure suna zaune a gindin bishiya suna neman motar da zata ɗauki keke. Toh ga yadda nake yi, daki-daki.

Da farko zaɓi lokaci. Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu shi ne lokacin wannan tafiya, rana ba ta da zafin kisa, ba ruwan sama. Watan Maris zuwa Mayu kuwa kar ma ka fara, zafi yana haura digiri 40 kuma kwalta tana ƙara maka nata daga ƙasa. Damina ana iya yi amma hadarin yamma zai iya tsare ka a ƙauyen da baka san kowa ba. Sai dai hunturun ma da nasa sharri, iskarsa daga arewa maso gabas take busowa, kai kuma arewa ka dosa, kaga kenan a fuska zaka riƙa shanta, kuma yawanci da sassafe a kwance take sai hantsi ya ɗaga take tashi. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zaka fita da wuri ka ci nisa kafin ta farka. In ka tashi ka ga hazo ya yi kauri har ba a hango mota daga nesa, ka fasa ranar, direban da baya ganin mota ba zai ga keke ba. Sannan ka kauce wa Lahadi in da hali, ranar kasuwar Ɗambatta ce, titi cike da motocin shanu da 'yan kasuwa, sai dai in kasuwar kake son gani.

Na biyu, ka gwada jikinka kafin ranar. Wanda iyakarsa daga gida zuwa shago ba zai tashi rana ɗaya ya ce sai Daura ba. Ka ɗauki sati huɗu zuwa shida kana ƙara nisa a hankali. Ka fara da zagayen gari na awa ɗaya, sannan ka je Kura ka dawo, wajen kilomita 60 kenan, bayan sati ɗaya ko biyu ka je Wudil ka dawo, wajen 80. In ka yi Wudil ka dawo washegari ka iya tashi ka fita harkarka ba tare da kana tafiya kamar wanda aka yiwa kaciya ba, toh ka isa. A wannan gwajin ba ƙafa kaɗai kake horarwa ba, mazaunai ma sai sun saba da sirdi, kuma wallahi su suke fara yin ƙara kafin ƙafa. Kwana biyu kafin tafiyar ka huta gaba ɗaya.

Sai keken kansa. Ba sai mai tsada ba, ɗan gwanjo mai giya ya wadatar in dai lafiyarsa ƙalau, mara giya ma yana zuwa amma zaka gane kurenka a hawan Kazaure da iskar hunturu. Ka kai shi wajen mai gyara kamar kwana uku kafin tafiya, ba ana gobe ba, saboda ka samu damar hawa ka ji ko wani abu ya kwance bayan gyaran. Ka tsaya a kansa a duba birki gaba da baya, robar birkin in ta cinye a canza, a juya wili a gani ko yana rawa, a taɓa wayoyin wilin ɗaya bayan ɗaya ko akwai wadda ta saki, a duba boris a sa giris, a wanke sarƙa da kananzir a ɗiga mata mai kaɗan. Kaɗan fa nace, in ka yi mata wanka da baƙin mai ƙurar hunturu zata manne ta zama kamar taɓo tana cin haƙoran giya. Taya in ta fara tsagewa a gefe ko ta goge tas, canza ta, kar ka ce zata kai.

Akwai abu ɗaya da kusan kowa yake kuskure, tsayin sirdi. Yawancin mu mun saba sirdi a ƙasa yadda in ka tsaya ƙafa biyu zasu taka ƙasa kana zaune. A cikin gari ba laifi, amma a doguwar tafiya gwiwarka ce zata biya. Yadda ake awo shi ne ka jingina da bango ka hau, ka sa dunduniyarka a kan feda ka juyo da ita can ƙasa, ƙafar ya kamata ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. In ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, yadda ake tuƙi, zaka ga gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan, toh nan ne daidai. Sirdin kuma a kwance yake zama, kar hancinsa ya kalli sama.

Ka duba irin bawul ɗin tayarka ma. In irin na mota ne mai kauri, kowane mai faci a hanya zai iya baka iska. In siririn nan ne na kekunan tsere, injin masu faci baya kama shi sai da ɗan ƙaramin maƙali, don haka ka tabbatar famfonka yana kama shi kuma ka gwada a gida. Yawan iskar da tayar take ɗauka a rubuce yake a gefenta.

Yanzu kayan da zaka ɗaure, daren tafiya ake haɗa su ba da asuba ba. Tib sabo guda biyu daidai girman tayarka, faci da sholisho sabo wanda ba a buɗe ba, ɗan guntun samfefa, ƙarfen cire taya guda biyu ko bayan cokali biyu in babu, famfo, sifana mai kama notin wili, alanki, filaya ƙarama, da igiyar roba ta tsohon tib wadda ba abin da bata ɗaurewa. Fitila fara a gaba ja a baya ko da baka da niyyar kai dare. Ruwa aƙalla lita biyu a gorori, sauran ka riƙa sayen fiya wata a hanya kana durawa. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ayaba kamar huɗu. Katin shaida, kuɗi a hannu ƙananan canji don mai kunu a bakin titi bata san tiransifa ba, waya cike da caji da pawa banki, kayan canzawa guda ɗaya. Duk wannan a kariya ake ɗaure shi, kar ka goya jaka a baya, awa takwas da jaka a gadon baya kafaɗunka zasu yi tsami kuma gumi zai jiƙa ka banza. Abin ci dai ka sa shi inda hannunka zai kai kana tafiya.

Sutura kuma, riga mai haske wadda ake hangowa daga nesa, ruwan ɗorawa ko lemo, mai dogon hannu don rana. Wando mara kaurin ɗinki a tsakiya, in ka samu irin na 'yan keke mai soso a ciki ka sa shi daga ciki ka ɗora dogo a kai, ba wanda zai kalle ka. Ka shafa basilin a matsematsi kafin ka fita, ba abin kunya bane, wanda bai shafa ba shi zai ji kunya a Daura in an ce ya zauna. Ƙafar wandon dama ka ɗaure ta ko ka cusa a safa kar sarƙa ta cafke. Hular kwano, tabarau saboda ƙura da ƙwari, safar hannu, man leɓe, da ɗan ƙyalle na rufe hanci. Da asubar hunturu akwai sanyi sosai, sa 'yar rigar sanyi mara nauyi wadda zaka cire ka ɗaure nan da awa biyu. Takalmi rufaffe mai ɗan taurin ƙasa, silifas ba na wannan tafiyar bane.

Ka ci tuwo ko shinkafa sosai da daddare, ka sha ruwa, ka kwanta da wuri. Ka faɗa wa mutanen gida hanyar da zaka bi da garuruwan da zaka kira su, sannan ka san inda zaka sauka a Daura tun kafin ka tashi. In zaka samu abokin tafiya ya fi, mutum biyu ko uku. In ka san wani direba mai bin hanyar ka tambaye shi halin da titi yake ciki a satin, inda ake aiki da inda aka karkatar da motoci, su suka fi kowa sani.

Ranar tafiya. Ana idar da asuba ka karya, koko da ƙosai ko shayi da biredi da ƙwai, kar ka cika ciki dam. A Disamba gari yana fara haske wajen shida da kwata, rana ta fito wajen bakwai saura, ta faɗi shida da 'yan mintuna. Kaga awa goma sha ɗaya da ɗoriya gare ka, tuƙin kansa zai ci kusan takwas in kana yin kilomita 16 zuwa 18 a awa, saura uku na hutu da salla da abin da Allah ya kawo. Shida da kwata ya same ka a kan titi.

Fita daga Kano shi ne wuri mafi haɗari a duk tafiyar a ganina. Ka bi titin Katsina, Kurna, Rijiyar Lemo, Bachirawa har Mil Tara, a nan hanya take rabuwa, ta Bichi da Katsina daban, kai kuma ka ɗauki ta Ɗambatta. Adaidaita sahu yana iya tsayawa a gabanka ba sigina ba komai don ya hango fasinja, ga manyan motocin hatsi masu shiga Dawanau, don haka yatsunka su zauna a kan birki, idonka a gaba, ba ruwanka da waya ko abin jin waƙa a kunne. Da kunne ake sanin abin da ke tahowa a baya, ƙarar tirela daban ta Golf daban.

Da ka bar gari jikinka zai ce maka taka, sanyi ne ga titi a buɗe ga ƙafa sabuwa. Kar ka biye masa. Awa ta farko ka tafi da gudun da zaka iya hira da na kusa da kai ba tare da haki ba, in kana haki toh bashi kake ci kuma bayan la'asar za a zo karɓa. Ka sa giya mara nauyi ƙafa tana juyawa da sauri, maimakon giya mai nauyi kana danna feda da ƙarfi kamar mai taka ƙasar gini, juyawar ita take ajiye gwiwa. Kuma ka sauya giya kafin ka shiga hawa, ba sai kana tsakiyarsa sarƙa ta ɗaure ba.

Hannun dama zaka riƙe, amma kar ka manne da ƙarshen kwalta sosai inda yashi da fasassun kwalabe da ƙusoshi suke taruwa, yashin nan in tayar gaba ta shige shi da gudu sai dai a ɗaga ka. In ka ji tirela ko tanka a baya kuma ga wata tana tahowa ta gaba, kar ka yi jayayya, rage gudu ka sauka gefe ka bari su wuce, ba a faɗa da wanda ya fi ka taya. Lokacin da babbar mota take gifta ka iskarta tana fara tura ka waje sannan ta janyo ka ciki, ka riƙe kan keke da kyau kar ka yi wani motsi. Abin da ya fi bani tsoro ma shi ne mai obatekin daga gaba wanda ya shigo hannunka, shi a wajensa keke ba abin hawa bane, da ka hango shi ka ba shi titin. Shanu in suna tsallakawa tsaya cak ka gaida mai kiwo, awaki kuwa ba a san inda zasu nufa ba ko su kansu basu sani ba.

Maganar ci da sha, a nan ake cin tafiyar ko a faɗi. Duk minti goma sha biyar zuwa ashirin ka kurɓi ruwa ko baka jin ƙishi, a hunturu gumi yana bushewa nan take sai ka ɗauka baka yi ba, alhali ruwa yana fita. Ka lissafa kamar leda ɗaya zuwa biyu ta fiya wata a kowace awa. Gora ɗaya ka haɗa mata ruwan gishiri da sukari, a lita ɗaya ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri, shafaffe ba tuli ba, shi yake rage ɗaurewar jijiya. Duk bayan minti arba'in ka jefa wani abu a baki, dabino uku ko ayaba ɗaya. Yunwar keke ba irin wadda ka sani bace, bata sallama, kana cikin tafiya kawai zaka ji ƙafa ta mutu ido yana ganin duhu-duhu hannu yana rawa, kuma in ta kama ka ko ka ci abinci sai ka yi kusan rabin awa kafin ka dawo daidai. Fitsari ma ma'auni ne, in ya yi ja sosai ko ka wuce awa uku baka ji shi ba, ƙara ruwa.

Wajen tara da rabi ya kamata ka shiga Ɗambatta, kilomita 50 kenan ko kusa. Tsaya minti ashirin zuwa talatin, cika gorori, sha kunu ko shayi, cire rigar sanyi, matsa tayoyi da yatsa ka ji ko iska ta ragu, kira gida. Kar ka zauna ya wuce haka jiki zai yi sanyi ya ƙi tashi. Mutane zasu taru suna tambaya daga ina sai ina, ka amsa da fara'a, wani dattijo ma zai baka labarin nasa zuwan a keke shekaru arba'in da suka wuce kuma yawanci gaskiya yake faɗa.

Bari in tsaya a kan faci don ni a tsakanin Ɗambatta da Kazaure na koyi darasi. Zuwana na farko na hango wata inuwar darbejiya a ɗan nesa da titi, na sauka daga kwalta na tuƙa keken har gindinta ta cikin busasshiyar ciyawa. Da na tashi tafiya tayoyin biyu duk sun kwanta, tsidau ne ya cika su, na zare ƙaya ta fi goma. Na buɗe sholishon da na ɗauko a gida ashe ya bushe tun tuni ya zama kamar ƙaro. Haka na tura keke a ƙafa kusan awa guda kafin na samu mai faci. Tun ranar in zan bar kwalta sauka nake in ɗaga keken a kafaɗa, kuma kafin in hau sai na shafa tayoyin na duba.

In ta same ka ga yadda zaka yi. Ja gefe nesa da titi, kifa keken. In tayar baya ce mayar da sarƙa kan ƙaramin haƙori kafin ka kwance wilin, ya fi sauƙin fita da komawa. Sace sauran iskar, sa ƙarfen cire taya ka ɓanɓaro gefe ɗaya, zaro tib. Yanzu abin da mutane suke mantawa, zagaya cikin tayar da yatsa a hankali har sai ka gano abin da ya huda ta ka cire, in ba haka ba sabon tib ɗin ma minti biyar zai yi. Sa sabon tib, amma ka ɗan ba shi iska kaɗan tukuna ya yi siffa don kar ya naɗe, fara da bawul, mayar da tayar da hannu, ka duba kar bakin taya ya danne tib ɗin, sannan ka buga iska. Wanda ya huje ka ajiye shi ka yi masa faci a wurin hutu. Facin kuma, hura shi ka saurara ko ka shafa ruwa ka ga inda yake kumfa, goge wurin da samfefa ya fi facin faɗi, shafa sholisho siriri, sannan ka jira ya sha iska kamar minti uku zuwa biyar har ya daina sheƙi. Masu gaggawa suna mannawa yana ɗanye shi ya sa yake ɓallewa. Manna ka danne da ƙarfi minti ɗaya.

Daga Ɗambatta zuwa Kazaure bai kai kilomita 30 ba amma iska ta tashi a lokacin, kuma ƙasar ta fara hawa da sauka, zaka fara hango duwatsun Kazaure. In ku biyu ne ku riƙa karɓa-karɓa, ɗaya a gaba yana fasa iska ɗaya a bayansa yana hutawa, duk minti biyar a sauya, na gaba kuma ya riƙa nuna rami da hannu don na baya baya gani. In kai kaɗai ne sauke giya, ɗan sunkuya, ka haƙura da gudun da ka samu. Ka riƙa miƙewa tsaye a kan feda na 'yan daƙiƙu lokaci-lokaci jini ya zagaya, ka riƙa sauya riƙon hannu kar yatsu su yi sanyi.

Kazaure ita ce wurin hukunci. Sha biyu ko sha biyu da rabi ya same ka a can, ka ci kusan kilomita 80, saura wajen 50. Nan zaka yi babban hutu, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ka ci abinci na gaske amma mara nauyi, shinkafa da wake da mai da yaji ko taliya, nama mai maiƙo ka bar shi sai dare. Fura da nono tana da daɗi a wannan lokacin sai dai in ka sha da yawa barci zata sa ka, rabin kwano ya isa. Wanke fuska da wuya, cire takalmi ƙafa ta sha iska, kwanta a inuwar masallaci ka ɗora ƙafafu a bango minti goma. Tafiyar ta kai nisan ƙasaru, don haka akwai sauƙin da addini ya ba matafiyi, ka tambayi malaminka yadda zaka yi da azahar da la'asar tun kafin ka taso. Ga ruwan dam ɗin garin in kana son hoto, amma agogo fa yana tafiya.

Ƙa'idata ita ce ɗaya da rabi in bar Kazaure, biyu ita ce iyaka. In faci ko gajiya sun sa ƙarfe biyu ta wuce baka tashi ba, ko gwiwa tana suka, ko kana jin ciwon kai da jiri da tashin zuciya, toh tafiyar yau ta ƙare a nan, ka kwana ko ka sa keken a mota. Wanda yake jin jiri kuma gumi ya ɗauke masa jikinsa ya yi zafi rau, wannan ba gajiya bace, a kai shi inuwa a jiƙa shi da ruwa a nemi asibiti. Tuƙin dare a wannan titin ba jarumta bace, fitilar motar gaba zata makantar da kai ta makantar da wanda yake bayanka.

Zangon ƙarshe shi ne mai wuya, ba don titin ba sai don kai. Wajen kilomita 100 komai zai fara ciwo, wuya, tafin hannu, mazaunai, zuciya ta fara ce maka wai me ya kawo ka. Dabarar ita ce kar ka lissafa Daura, ka lissafa ƙauye na gaba kawai. Raba hamsin ɗin gida uku, duk awa ɗaya ka tsaya minti biyar a tsaye, ka ci dabino, ka miƙe baya, ka hau. A nan ne lemon kwalba mai sanyi yake aiki kamar allura, ka ajiye shi sai wannan lokacin. Garuruwan sun ɗan yi nisa da juna fiye da ɓangaren Kano, don haka kar ka wuce mai sayar da ruwa da gora rabi.

Da yake Daura tana kusa da iyakar Nijar ta Kwangwalam, kana iya cin karo da shingen jami'ai. Rage gudu tun daga nesa, cire tabarau da ƙyallen hanci, yi sallama, in sun tambayi kati ka nuna. Yawanci dariya zasu yi su ce daga Kano a keke? su yi maka fatan alheri.

In komai ya tafi daidai biyar zuwa biyar da rabi kana cikin Daura da sauran rana. Kar ka faɗa kan katifa nan take, taka a ƙafa minti goma, miƙe cinyoyi da sha-raɓa, sha ruwa da yawa, ci abinci cikin awa ɗaya, yanzu kam tsire da fura duk sun halatta. Yi wanka ka canza kaya da wuri don kar gumi ya zama ƙuraje a inda sirdi ya goga. Kira gida. Keken ka shigar da shi ɗaki, ka goge sarƙar da tsumma ka ɗiga mai.

Da safe ka je rijiyar Kusugu, wadda labarin Bayajidda da macijiya da sarauniya Daurama ya rataya a kanta, tana nan cikin gari an gina mata ɗaki, ka leƙa ƙofar fada, sannan ka yanke shawarar komawa. In ƙafa ta yarda, dawowa ta fi sauƙi a hunturu don iskar da ta wahalar da kai jiya yau a bayanka take tana tura ka. In bata yarda ba ka je tasha, ka yi cinikin kuɗin keken daban kafin a ɗora, cire wilin gaba, ka tsaya a wurin lokacin da ake ɗaurewa ka tabbatar ɓangaren giya yana sama ba a ɗora masa buhu ba, don in ƙarfen giyar baya ya lanƙwashe gyaransa sai ka dawo Kano.